Majalisar 'Yan Kallo: Hukuncin Sakkwatawa a kan Wasannin Kwaikwayo Masu Dogon Zango

Duk wanda ya saba tafiyar dare a birnin Sakkwato, ko dai daga Kanwuri ya gangara Rijiyar Ɗorowa, ko kuwa ya ratsa Runjin Sambo ya fita ta Mabera, ya san akwai wata sa'a bayan an idar da sallar lisha, lokacin da bango ya fara sakin zafin da ya sha tun hantsi, maza suka baje tabarmi a ƙofar gida ko suka jeru a bencin mai shayi, mata suka taru a tsakar gida, wadda a cikinta ake tafka muhawara mai zafi a kan mutanen da ba a taɓa haifarsu ba, ana yanke musu hukunci, ana raba musu gado, ana ɗaura musu aure ana warwarewa, har a kai ga rantsuwa da ɓacin rai. Baƙon da ya tsinci zancen daga tsakiya zai ɗauka wani maƙwabci ne ya ci amanar amininsa, ko wata 'yar unguwa ce aka yi wa auren dole, sai can ya gane ashe Sumayya ta shirin Labarina ake nufi, ko Umar Hashim na Izzar So, ko Kamaye da matarsa Adama na Daɗin Kowa.

Mutane iri biyu ne suka haɗu a kan raina wannan majalisa, ko da yake ba su cika haɗuwa a kan komai ba. Wasu daga cikin almajiran ilmi suna kallonta a matsayin lagawu tsantsa, zancen da ba ya ƙara wa mai yinsa komai duniya da lahira. Wasu daga cikin 'yan boko kuma suna yi mata murmushin tausayi, suna cewa talaka ne bai iya rarrabe wasa da gaskiya ba. Abin da nake son kafa hujja a kansa a wannan maƙala shi ne, duka ɓangarorin biyu sun yi gaggawar fatawa tun ba su saurari mas'alar ba, domin abin da ake yi a waɗannan majalisu naƙadi ne na gaske, mai usuli da ƙa'idojin da masu yinsa suka sani ko da ba su taɓa rubuta su ba, kuma illarsa, wadda ba zan ɓoye ta ba, tana wani wuri dabam da inda masu sukar suke nunawa.

Kwaikwayo ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Yara suna tashe a watan azumi tun kakannin kakanni, suna kwaikwayon tsoho da malami da mai kwaɗayi, manya suna dariya suna ba da sadaka. Abubakar Tunau, ɗan wannan lardi, ya fitar da Wasan Marafa a 1949, lokacin da rubutaccen wasan kwaikwayo na Hausa yake rarrafe. Majigi ya zagaya garuruwa da Baban Larai. Sannan talabijin ya zo, tashar NTA Sakkwato ta yi Idon Matambayi, wanda dattawan yau suke tunawa da shi da irin shauƙin da ake tuna abokin ƙuruciya, Kaduna kuma ta ba mu Samanja na Usman Baba Pategi da Karambana na Ƙasimu Yero. Sai dai galibin waɗancan wasanni suna ƙulla rigimarsu su kwance ta a zama ɗaya: a yi wa maƙaryaci tonon silili, a yi dariya, a kashe akwati a kwanta. Mai kallo yana tashi da hukunci a hannunsa, an riga an yanke masa, babu abin da ya rage masa sai ya maimaita barkwancin da safe.

Abin da ya sauya lamarin shi ne dogon zango. Tashar Arewa24 ta fara watsa shirye-shirye a 2014, ta zo da Daɗin Kowa, labarin wani gari na ƙage da mazaunansa, wanda ya ci kyautar Africa Magic a 2016. A 2019 ta ƙara da Kwana Casa'in, inda Sani Mu'azu ya fito a matsayin Gwamna Bawa Maikada na jihar Alfawa, jihar da babu ita a taswira amma kowa yana ganin tasa a cikinta. A 2020 kuwa, shekarar da annobar korona ta kulle mutane a gidaje, kasuwar faifai kuma ta riga ta mutu, Aminu Saira ya fito da Labarina, Lawan Ahmad ya fito da Izzar So, masu shirya fina-finan Kano suka karkata gaba ɗaya zuwa shiri mai fita mako-mako a talabijin da YouTube. A Sakkwato shirin yana isa ga mutane ta hanyoyi uku ko huɗu: mai tauraron ɗan Adam ya kalla a falonsa in an yi sa'ar wuta, matashi ya saye data ya kalla a waya, wanda ba shi da ko ɗaya kuma ya kai wayarsa wurin masu turi a bakin kasuwa, a zuba masa kashin makon a kan 'yan canji, ya kai gida a kewaye wayar mutum shida, an jingina ta da kwanon sha.

Tsakanin kashi da kashi akwai kwana bakwai, kuma a cikin waɗannan kwanaki bakwai ne ra'ayin mai kallo yake rayuwa. Hikimar tsohuwa ce, ita ce dai ta Shaharzad a Dare Dubu da Ɗaya, wadda ta gane cewa labarin da aka yanke a tsakiya ya fi ƙarfin takobi. Turawa ma sun san ta, har ya zamana lokacin da Conan Doyle ya kashe Sherlock Holmes a 1893 masu karatu suka matsa masa lamba sai da ya tayar da shi bayan shekaru, kuma a 1980 Amurka ta kwashe watanni tana tambayar wa ya harbi J.R. a shirin Dallas. Sunan da suke kiran irin wannan wasa da shi ma, wato wasan sabulu, ya samo asali ne daga kamfanonin sabulu da suke ɗaukar nauyinsa a rediyon Amurka a shekarun 1930 domin su sami kunnen matan gida. Ma'ana dai, an gina wannan nau'i ne tun asali a kan a bar ƙofa a buɗe, mai sauraro ya shigo da zatonsa da fatansa da fushinsa. Wanda ya ƙirƙiri rata ta kwana bakwai, sannan ya yi mamakin ganin mutane sun cika ta da magana, kamar wanda ya haƙa rijiya ne a bakin hanya yana mamakin ganin guga.

To, me ake cewa a cikin ratar? Na zauna a irin waɗannan majalisu ba sau ɗaya ba, kuma wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta gidan wata gwaggona a cikin gari, tsohuwa mai takaba biyu a tarihinta, wadda ta yi karatun Ahalari da Ishmawi a ƙuruciya, kuma har yanzu ba ta barin zuwa makarantar Islamiyya ta matan aure. An nuna wani shiri, wanda ba zan ambaci sunansa ba, inda mijin wata ya rasu, ba a daɗe ba aka gan ta ta caɓa ado tana karɓar baƙon da yake neman aurenta. Jikokinta suna ta murna domin suna son saurayin, ita kuwa ta ajiye carbinta a kan cinya ta ce, da irin harshen da aka haife ta a cikinsa: "Ku dakata. Yaushe anka yi rasuwar? Wata huɗu da kwana goma sun cika? Wanga marubuci ba ya da uwa a gida da za ta hwaɗa mai?" Aka ce mata, "Inna, ai wasa ne." Ta ce ta san wasa ne, ba ta haukace ba, amma wasan da zai kwaikwayi mutane wajibi ne ya san yadda mutane suke yi.

Wannan jawabi nata ya ƙunshi asalin mas'alar. Tsohuwar ba ta ruɗe tsakanin zahiri da ƙage ba. Ma'auni ta ɗauko, wanda ta gada daga fiƙihu da al'ada, ta aza a kan aikin marubuci, ta same shi da tawaya. Haka na ji ana yi a kan rabon gado, mutum yana lissafa wa allo tumunin matar mamaci da rabon namiji da na mace, yana cewa wannan rigimar da aka gina zango guda a kanta alƙalin ƙaramar kotu zai kashe ta kafin azahar. Haka a kan waliyyi, da saki uku a kalma ɗaya, da yadda ɗiya take yi wa mahaifinta magana tsaye ido cikin ido, da yadda suruki yake shiga ɗakin surukarsa babu sallama. Birnin da aka kafa a kan karatu, inda Nana Asma'u ta tsara 'yan taru da jajojinsu domin ilmi ya isa ga matan karkara, ba abin mamaki ba ne a iske matansa suna kallon wasa da idon mai bin matani yana neman inda aka yi tuntuɓe. Wani masani zai kira wannan binciken dacewar labari da rayuwa, ya rubuta shi da manyan kalmomi, a ba shi digiri a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Gwaggona ta yi shi a jumla huɗu, ta koma kan carbinta.

Amma ma'aunin bai tsaya ga zahirin hukunci ba, kuma a nan ne abin ya fi ba ni sha'awa. Mutanen da ba za su yafe kuskuren idda ba, su ne kuma suke yafe abubuwan da hankali ba zai ɗauka ba: attajirin da ya ɓad da kama ya zauna cikin talakawa, gidajen da babu irinsu a unguwar mai kallo, haɗuwar da ba ta yiwuwa sai a alƙalamin marubuci. Dalili kuwa shi ne, akwai gaskiya ta biyu da suke nema, gaskiyar zuciya: shin haka kishi yake ci? Haka uwa take ji idan ɗanta ya fifita matarsa? Haka talaka yake haɗiye wulaƙancin mai kuɗi yana murmushi? Ien Ang, wadda ta yi nazarin wasiƙun masu kallon Dallas a ƙasar Holan, ta iske irin wannan a can: mutane sun san duniyar attajiran man fetur ba tasu ba ce, amma suna ganin ɓacin ran da ke cikinta nasu ne. Brian Larkin ma, da ya zauna a Kano yana binciken dalilin da ya sa Hausawa suka rungumi fina-finan Indiya, ya ga cewa rikicin soyayya da biyayyar iyaye ne ya sa baƙon abu ya zama na gida. Saboda haka idan matashi a teburin mai shayi ya ce Umar Hashim ya cika haƙuri har ya zama ba mutum ba, wani ya ce a'a, irinsa ake nema a ofisoshin gwamnati, ba a kan Lawan Ahmad da yake fitowa a matsayinsa suke saɓani ba; suna tambaya ne ko gaskiya da riƙon amana suna da iyaka a zamanin da muke ciki, kuma wannan tambaya ce da malamai suka cika littattafai a kanta.

Akwai wata fa'ida kuma da ban ga an cika ambatonta ba. Al'ummarmu ta ginu a kan kunya da sutura, shari'a kuma ta haramta giba da annamimanci, ga shi kuwa gidajenmu cike suke da matsalolin da suke neman a tattauna su: kishiya, ɗan riƙo, mijin da ba ya cefane, uwar miji mai mulki, yaron da ya faɗa shaye-shaye. Matar da ba za ta iya cewa uffan a kan mijinta a gaban surukarta ba, tana iya cewa Kamaye bai kyauta ba, surukar ta ce ai Adama ce ba ta da ladabi, su yi sa'a guda suna fafatawa, kowace ta faɗi abin da ke cikinta, ta ji amsar ɗayar, a tashi ba wanda aka ci namansa, domin Kamaye ba shi da naman da za a ci. Mutumin ƙage ya zama kamar Zaidu da Amru na littattafan nahawu, waɗanda aka shekara ɗaruruwa ɗaya yana dukan ɗaya ba a taɓa kai ƙara ba. Ibnul Jauzi, da ya rubuta littafi a kan masu ba da ƙissa da masu wa'azi, bai hana ƙissa ba, ƙarya a kan magabata da wuce haddi ya yi wa raddi. Ni kuwa ina ganin majalisar da ta mai da gulmar maƙwabta ta koma gulmar mutanen Alfawa ta rage zunubi, ba ta ƙara ba.

Inda illar take shi ne wurin da hukunci yake tsallake mutumin ƙage ya faɗa kan mai rai. Tun da can sunan wasa yana cinye sunan yanka: mutane ƙalilan ne suka san Usman Baba Pategi da wani suna ban da Samanja har ya koma ga Mahaliccinsa a 2023, kuma Ɗan'azumi Baba ya zama Kamaye a bakin yara da manya. Wannan ba laifi ba ne, wata irin karramawa ce. Laifin yana farawa ne sa'ad da aka ɗauki halin da marubuci ya rubuta aka liƙa wa wanda ya hau shi, a ce wance ba za ta iya fitowa a muguwar kishiya haka ba sai in halinta ne, daga nan a zarce zuwa aurenta da mutuwar aurenta, da tufafin da ta sa a wani biki, da abin da wani ya ce wani ya gani. A nan majalisa ta fita daga naƙadi ta shiga giba ta haƙiƙa, wani lokaci ma ƙazafi, wanda shari'a ta tanadar wa haddi, kuma abin lura ne cewa mata 'yan wasa ne suka fi shan wannan, alhali namijin da ya fito a ɓarawo ko mazinaci sai a ce ya iya aiki. Mutumin da ya ƙi yafe wa marubuci kuskuren kwanakin takaba, sannan ya saki harshensa a kan mutuncin 'yar mutane ba da shaida ba, ya riƙe reshen fiƙihu ya saki tushensa. Masu sukar majalisar da sun tsaya a nan, da na bi bayansu.

Shirin Labarina ya ba mu misali biyu da suke nuna iyakar ikon mai kallo. Lokacin da aka kashe Mahmud, wanda Nuhu Abdullahi ya fito a matsayinsa, na ji da kunnena wani magidanci a unguwar Gawon Nama yana cewa, "Tun da sunka kashe yaron ga, ni na bar kallo nai," ko da yake mako na zagayowa na same shi a gaban allo, yana kallo yana ƙorafi. Da Nafisat Abdullahi ta bar shirin kuma, Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya, sai majalisu suka rabu mazhaba biyu: masu cewa Sumayya suna ce da labari, duk wadda ta iya ta hau, da masu cewa Sumayya fuska ce da murya da irin kallon da take yi in an ɓata mata, ba a musanya ta kamar taya. Ban ga wannan saɓani ya gaza wanda masana adabi suke yi ba a kan ko mutumin cikin wasa yana zaune ne a rubutu ko a jikin mai kwaikwayo. Abin da misalan biyu suka nuna shi ne, sau da yawa abin da mai kallo yake ɗauka hukuncin marubuci ne, yana neman hikimarsa, a haƙiƙa hukuncin yanayi ne: ɗan wasa ya tafi, ko kuɗi sun yanke, ko jadawali ya ƙi, sai alƙalami ya bi.

Ta ɗaya gefen kuma, masu shiryawa suna sauraren jama'a fiye da yadda suke amsawa, domin abincinsu yana rataye da yawan masu kallo da masu ba da talla, kuma wannan sauraro ba kullum yake zama alheri ga labari ba. Idan aka ga jama'a sun ƙaunaci wani, sai a ja zarensa har ya tsinke. Idan aka ga rigimar wasu masoya tana jan kallo, sai a hana su aure zango bayan zango da dalilan da suke ƙara rauni, har mai kallon da ya nemi a tsawaita ya dawo yana cewa an mai da shi yaro. A tsakiyar kuka kuma a yanke a sa tallar maganin gargajiya ko ta filaye. Ijma'in 'yan kallo hujja ce a kan abin da ya taɓa zuciya, amma ba hujja ba ce a kan inda ya kamata labari ya tsaya, domin mai jin daɗin hira ba ya taɓa cewa a tashi.

Saura wani ƙorafi da ya keɓanta da mu. Kusan duk waɗannan shirye-shirye a Kano ake tsara su, ko a Jos da Kaduna, da Hausar Kano ake yin su, kuma hukumar tace fina-finai ta jihar Kano ce take da ikon tsayar da su, kamar yadda ta dakatar da guda 22 a watan Mayun 2025, har da Labarina da Daɗin Kowa, a kan sharaɗin a kawo mata su ta duba kafin a saki. Basakkwace yana kallo, yana hukunci, amma ba a garinsa ake yanka ba, ba a garinsa ake rabo ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne yadda ake amfani da harshensa: in ka ji Sakkwatanci a fim, galibi a bakin maigadi ne, ko baƙauyen da aka kawo domin a yi dariya, kuma sau da yawa wanda yake yinsa bai iya ba, ya tsinci "wanga" da "mi" da "shina" ya watsa su inda ya ga dama. Harshen da aka yi wa'azi da waƙoƙin jihadi da shi, harshen fadar Sarkin Musulmi, ya koma kayan barkwanci. Ba a cika jin likita ko alƙali ko masoyi yana magana da shi ba. Ƙorafin yana da hujja, sai dai rabinsa a kanmu yake komawa, tun da garin da ya yi Idon Matambayi da kayan aikin da ba su kai na wayar hannun yaron yau ba, yana da gidan talabijin na Rima, yana da jami'o'i da sashen nazarin harsunan Nijeriya, yana da attajirai, bai rasa komai ba sai wanda zai ɗaure wa abin gindi.

Na taɓa faɗa wa gwaggona wannan magana, na ce da za a yi shiri mai dogon zango a cikin garin nan, da harshenmu da unguwanninmu, ai da ta huta da gyaran marubutan Kano. Ta dube ni ta saman tabaranta ta ce in an yi shi ta fi tsananta masa, domin na Kano tana yi musu uzurin nisa, na gida kuwa ba shi da inda zai ɓuya. Sannan ta aiki ƙaramin jikanta da naira ɗari wurin mai turi, ta ce ya tabbata kashin wannan makon aka zuba masa, kada a sake ba shi na makon jiya kamar wancan karon.